Zaren Da Na Ƙona A Kantin Mutane

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na sauka ƙasar Turawa lafiya. Injiniya, babban ɗana, ya tarbe ni da wata riga mai kauri kamar katifa. Na ce ni da na yi dako a kasuwa ba takalmi, sanyi ne zai ba ni tsoro? Kafin mu kai mota na karɓa na saka.

Magana ɗaya ta kawo ni: ya tattara iyalinsa ya dawo gida ya riƙe shagunana na yadi. Gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, ƙannensa duk suna gidajen mazajensu. Ba yau ba dai. Sai na huta.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Gari ba rana. Shi da matarsa suna wurin aiki, jikana, takwarana, yana makaranta. Na ɗaga wa maƙwabci hannu ta taga, ya ja labule.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Surukata ta kai ni kanti. Ya fi layinmu na kasuwa gaba ɗaya girma, amma ba mai cewa sannu da zuwa, me za a kawo. Kowane kaya da farashinsa manne a jiki. Na ce ta tambaya ko za a rage. Ta rufe baki tana dariya, wai "Baba, nan ba a tayi." To me ya rage na kasuwa ke nan? A ƙarshe wani inji muka riƙa nuna wa kayan, yana kuka kamar ɗan tsako. Ko Allah ya amfana babu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Takwara ba ya jin Hausa. "Kaka" kaɗai ya iya, shi ma a karkace.

Talata, 11 ga Nuwamba

Yau na ga wulaƙanci.

Na fita ni kaɗai in sayo wa uwargida rigar sanyi. An rubuta auduga zalla, hannuna ya ce ƙarya ne. Sai na yi abin da nake yi tun ina saurayi: na zaro zare ɗaya daga bakin ɗinki, na kyasta ashana, da ma ba ta barin aljihuna. Zaren ya dunƙule ya yi baƙi, yana warin roba. Leda ce! Ina cikin murnar na kama su, sai ga mai gadi, wani ƙato, ya riƙe mini hannu. Wata mata har da janye ɗanta.

Suka kai ni wani ɗaki a baya, ba taga. Turancina na sakandare ya gudu ya bar ni. Ni da manyan dillalai ke miƙewa in na shigo layi, aka zaunar da ni kamar ɓarawon kaza.

Injiniya suka kira daga wurin aiki. Ya zo yana haki, ya yi ta ba su haƙuri. Shi ya sayi rigar.

A mota ya ce, "Baba, wuta fa ka kunna a kantin mutane."

Na ce, "Amma leda ce."

"Na yarda. Ni wallahi ko rigar duka ka ƙona a gabana ba zan gane ba."

Dariya ya yi, don ya kwantar mini da hankali. Ni ban yi ba. Yaron da aka yi wa shimfiɗa a kan bandir ɗin yadi yana jariri.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ban fita ba. Na zauna ina kallonsa a tebur, ya baza zanen wata gada, takwara a cinyarsa, yana waya da abokan aiki. Yadda fuskarsa ke haske, haka tawa take in an kwance sabuwar dila. Ban taɓa ganin wannan fuskar a shago ba, ko sau ɗaya.

Gwiwa ta dame ni yau.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Gobe tafiya. Yana ɗaure mini jaka ya ce, "Baba, Mama ta ce akwai maganar da ka zo da ita."

Na ce, "Uwarka da surutu. Takwarana na zo gani."

Ya dube ni, sannan ya ci gaba da ɗauri.

Da suka fita shi da iyalinsa, na kira dillali can gida ta waya, na ce ya fara neman mai sayen shagunan, ya bar mini ƙaramin in riƙa zama. Ya ce, "Lafiya, maigida?" Na ce gwiwa ce.

Gwiwa ce kawai.