Kano Ta Fi Kusa, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, Ya yalwata miki makwanci. Ni ce Rabi, babbar 'yarki ta Kazaure. Na san takarda ba ta isa inda kike, na kuma san masu bin shafina ne za su karanta wannan, ba ke ba. To, su karanta. Shekara guda da wata biyu ke nan da rasuwarki, sai yanzu na rasa inda zan kai ƙara, domin wadda zan kai ƙarar tata ƙanwata ce, kuma ba ta yi min laifin komai ba.

Maganar takwararki ce, Walida. Ta zo ta biyu a ajinsu wannan zangon, ni kuma da bakina na yi mata alkawarin duk abin da ta zaɓa. Na zaci takalmi za ta ce, ko 'yar jaka irin ta ƙawayenta. Sai ta ce gidan zu take so a kai ta, ta ga kura da idonta. Na yi dariya na ce ai wannan mai sauƙi ne. Malam, maigidana, ya ce kwana uku kawai zai iya ba mu, don gonarsa ta Roni ta kai maimai, ba zai bar wa 'yan ƙwadago ita su kaɗai ba.

Na zauna a gaban keken ɗinkina da waya a hannu ina dube-dube. Ga gidan namun daji na Kano, mu fita da hantsi mu dawo kafin magariba. Ga Baturiya can wajen Haɗeja, sai dai tsuntsaye ne, kuma an ce sai lokacin sanyi suke cika wurin. Sai kuma Jos, mai wuraren kallo har biyu. Ina ganin sunan garin na ture shi da yatsa, kamar wani yana leƙa min waya. Kin san dalili, Inna. A Jos ƙanwata Dije take aure, kuma Dije ce ta haifi Walida.

Ba na manta ranar da kika kawo min ita. Shekarata takwas a ɗaki ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, har na daina zuwa suna saboda irin kallon da ake bi na da shi. Dije ta kawo miki 'yarta ta fari yaye can garinmu Gwiwa. Ashe ke kin riga kin gama magana da mijinta da danginsa, ban sani ba. Kika goyo yarinyar a bayanki, da shekarunki, kika hau babur har ƙofar gidana. Kika kwance majanyi kika ɗora min ita a cinya tana jiƙe da gumi, kika ce, "Ga 'yarki, Rabi. Ba aro na kawo miki ba." Ko ruwan da na ɗebo miki ba ki tsaya sha ba, wai kar mai babur ya gaji da jira.

Shekara bakwai ke nan. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na kai ta makaranta ranar farko tana riƙe da gefen hijabina. Ni take kira Umma, Dije kuwa Anti. Ita ma Dijen, Allah Ya sani, ta riƙe kunya yadda ake so. Ga kunyar 'yar fari, ga sunanki da yarinyar ta ci, don haka ban taɓa jin ta kira ta ba, ko da Walidan da muke ɓoye sunan da shi. Sai dai ta ce "yarinyar nan". Idan ta aiko mata da kayan Sallah, sai ta ce babanta ne ya saya. Nakan yabe ta a gaban mutane in ce Dije akwai kawaici. Gaskiyar magana, a kan kawaicin nan nata na shimfiɗa tabarmata na yi kwanciyata.

A zaman makokinki abin ya fara. Rana ta uku na shiga ɗakinki ɗauko tabarma, sai na tarar da Dije a bakin gadonki, kan Walida a cinyarta, tana yi mata kitso. Inna, shekara nawa ina yi wa yarinyar nan kitso, kullum da kuka da tsawa da alkawarin alewa. Ranar ko motsi ba ta yi ba. Suka ɗago tare suka yi min murmushi, wushirya iri ɗaya, ido iri ɗaya, kamar an tsaga kara. Dije ta yi sauri ta ture kan yarinyar ta tashi, wai ta ga kan ya tsufa ne. Ni kuwa na fito ba tabarmar, na koma cikin mata na ci gaba da kuka. Kowa ya ɗauka kukanki nake yi. Ki yafe min, rabinsa ba naki ba ne.

To, da duk wannan a raina, kin san wautar da na tafka? Na ɗauki waya na shiga guruf ɗin 'yan gidanmu na tambaya wa ya san lokacin da ake buɗe gidan zu na Kano. Wai ni mai son a san 'yata ta yi ƙoƙari. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga muryar Dije. Wai me ya sa ba za mu zo Jos ba, ga wurare biyu, ga ɗaki a share, ga yaranta maza uku kullum suna tambayar yayarsu. Nan da nan dangi suka ɗauka, wannan ya ce masha Allah, wancan ya ce zumunci ya yi daɗi. Ni kuma na buɗe saƙon da ƙarfi, Walida tana kusa da ni tana tsince min zare. Ta ji komai. Yadda fuskarta ta washe, wallahi ko ranar da na ɗinka mata leshi ban ga haka ba.

Daga nan na zama masaniyar yanayi. Na ce Jos da damina sanyi kamar me, yarinyar nan kuwa ba ta jure mura. Na ce hanya da nisa, kwana uku duk a mota za su ƙare. Na ce ɗinkin biki ya yi min yawa. Maƙwabciyata Maman Ladi, 'yar Filato ce, ta shigo karɓar ɗinki ta ji zancen, ta hau yabon garinsu, duwatsu kaza, dankali kaza, har da cewa za ta ara wa Walida rigar sanyi. Baiwar Allah da zuciya ɗaya take yi, ni kuwa ji nake kamar in tura ta waje. Malam ya bari sai da ta fita ya dube ni ya ce, "Rabi, ba sanyin Jos kike tsoro ba." Na ƙi kula shi har washegari, saboda gaskiya ya faɗa.

Kishi nake yi, Inna. Ga shi na faɗa. Ina kishin ƙanwata da na goya a bayana. Ina kishin haihuwar da ta yi huɗu ni ko ɗaya, ina kishin wushiryar nan da ba ni na ba yarinyar ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne ba ta taɓa cewa a mayar mata da 'yarta ba. Da ta faɗa, da na samu abin faɗa da ita. Ba ta da mace ko ɗaya a gabanta. Idan Walida ta je ta ga gidan da aka haife ta, ta ga ƙannenta, ta ce ita ta zauna fa? Wa zai tsaya min? Wadda ta ba ni ita tana kabari.

Sai na yi dabara irin tawa. Ranar Asabar ban faɗa wa kowa a guruf ba, na shirya Walida muka hau motar Kano mu biyu. Na ce a raina idan ta ga kurar, magana ta ƙare.

Ta ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Ta ga zaki yana hamma, ta ga jimina ta ce kazar nan ta fi Malam tsawo, ta daɗe a wurin birai tana ƙyalƙyala dariya. Da muka isa wajen kura ta tsaya ta ƙare mata kallo, ta ce ashe kare ne mai ciwon baya. Amma duk kejin da muka tsaya sai ta miƙo hannu in ba ta waya ta ɗauki hoto, wai za ta tura wa Anti. Ni na kawo ta, ni nake riƙe da gorar ruwanta a rana, ni na saya mata rake, amma Anti ake tura wa. Na tura biyu, sauran na ce mata babu sabis.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Ɗambatta, ta kwantar da kanta a kafaɗata. Na zaci barci take yi. Sai ta yi ƙasa da murya don kar fasinjoji su ji, ta ce min ta san Anti Dije ce ta haife ta. Tun makokinki ta sani. Wata tsohuwa ce ta ce mata je ki kira uwarki, ta nuna Dije da baki. Fiye da shekara yarinyar nan tana ɗauke da maganar ita kaɗai. Ta ji ƙannenta suna cika baki da gidan zu na garinsu, shi ne ta ƙulla a ranta cewa in ta roƙi ganin kura, Jos za a kai ta ba sai ta furta ba. Ba dabba take son gani ba. So take ta ga inda Anti take kwana. Ta ce ta ƙi faɗa min ne don kar in yi kuka. Sannan ta ce, "Kar ki damu, Umma, zan dawo."

Shekararta tara, Inna. Ni ina ta ɓoye mata tsorona, ashe ita ta daɗe da ganinsa, har tana lallaɓa ni. Na juya fuskata wajen taga har muka shigo Kazaure. Da muka sauka na hana ta ɗaukar ko leda, ban san me ya sa ba.

Jiya da yamma na kira Dije na ce ranar Laraba muna tafe. Na shirya jin guɗa. Ba ta yi guɗar ba. Sai ta ce, "Yaya, me zan dafa mata? Ban san abin da take so ba."

Allah Ya yafe min, daɗi na ji. Wani irin daɗi mai muni ya ratsa ni har tafin ƙafa. Ashe akwai abin da nake da shi wanda Dije ba ta da shi, kuma ta san da haka, kuma tana can shekara bakwai tana haɗiye nata kishin ba ta da shafin da za ta rubuta. Na yi niyyar in ce ta dafa komai, ai yaro ba ya zaɓe. Sai na kasa. Na faɗa mata ba ta cin miyar kuɓewa, tana son ƙanzon shinkafa, shayinta ba a cika madara. Na ce kar a tashe ta da tsawa, kar a yi mata dariya idan ta yi tuntuɓen magana. Ina jin Dije tana cewa in dakata ta ɗauko biro. Uwa tana rubuta 'yarta daga bakina.

Abu ɗaya na riƙe. Idan ran Walida ya ɓaci ba ta kuka, shiru take yi ta koma lungu, kuma akwai yadda nake yi in dawo da ita. Wannan ban faɗa ba, a nan ma ba zan rubuta ba. Na san ba halin kirki ba ne. Amma ina so ko sau ɗaya a kwana ukun nan, a tsakiyar gidan da aka haife ta, yarinyar nan ta waiga ta neme ni.

Ya Allah Ka gafarta wa Inna, Ka haskaka kabarinta, Ka saka mata da Aljanna a kan abin da ta ɗora min a cinya. Ka saka wa Dije da alheri, Ka cire min abin da nake ji game da ita, ko Ka rage min shi yadda zan iya gaishe ta da fuska a sake. Ka raya Walida, Ka kai mu lafiya. Idan alherinta a can yake, Ka ba ni ƙarfin hawa mota ni kaɗai. Amma Ya Rabbi, Kai Ka san ba haka nake so ba.

Wassalam.

'Yarki mai kewarki,
Rabi, Umman Walida
Kazaure