Miya Ta Fi Tuwo Yawa

Ƙanena Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar Hajiya? Mu nan unguwar Nima lafiya lau, in ban da cikina.

Tun da likita ya ce ina da ciwon sukari, mai ɗakina Adiza ta ƙwace mulkin tukunya. Tuwona bai fi dunƙulen hannu ba, miyar ayoyo kuwa har ta shanye kansa, babu manja. Dokono ma, tuwon masarar nan mai tsami da ake naɗewa a ganye, ta hana ni. Na ce abu mai tsami ina ya ga sukari? Na ci biyu a ɓoye, awon asibiti ya tona ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciyayyarmu ta ƙofar masallaci. Ina buɗe kwanona, Seidu mahauci ya ce, "Alhaji, a kawo maka kwalekwale?" Kowa ya yi dariya. Kwana tara ban fita ba, sai zagayen tsakar gida nake yi.

Jiya sai ga Seidu a gidana, murya ƙasa-ƙasa. Shi ma an auna shi an samu sukarin, yana roƙon Adiza ta koya wa matarsa miyar. Na ce zan yi shawara. Gobe dai zan fita, in zauna daf da shi, in ga yadda zai buɗe nasa kwanon.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara.

Yayanka, Abdu