Sai Na Jingina da Bayan Wata Nake Iya Karatu

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Shekarata goma sha huɗu. Ina ajin farko na sakandare na daina zuwa makaranta. Duk ranar da malami ya ce in miƙe in yi karatu, sai harshena ya ɗaure, 'yan aji su kwashe da dariya. Har suna suka sa mini, wai Rediyo Ba Batir. Sai na zauna gida ina taya Inna wanke-wanke.

Maƙwabciyarmu ce ta kai ni wata cibiya ta yaran da suka bar makaranta, a saman wani shagon ɗinki. Can ba a cewa kowa ya miƙe. Malama takan zaunar da mu bibbiyu a tabarma, baya da baya, kowa ta karanta wa 'yar'uwarta, ba mai kallon wata. Ni da wata yarinya da ake ce wa Doguwa ake haɗa mu. In na yi tuntuɓe a kalma, sai ta zungure ni da gwiwar hannu, in sake. Anti, a haka na gama littafi guda.

Yanzu Malama ta ce na isa in koma makaranta. Babana kafinta ne, ba shi da yawan magana. Da ya ji, sai ga shi ya ƙera mini ƙaramin tebur, har da gurbin ajiye biro. Inna ma ta kwance kalmasar rigar makarantata, wai na ƙara tsawo.

Ni kuwa tsoro nake ji. A can wa zai ba ni bayansa? In na ƙi, na sanyaya wa Baba gwiwa. In na koma, ina tsoron rediyon nan ta sake mutuwa. Yaya zan yi?

Mai Sunkuyar da Kai

'Yata, rediyon da ta gama littafi guda ai batirinta lafiya lau. Tsoronki yana kan hanya, don dariyar aji tana da ciwo. Amma Malama ma tana da gaskiya: ba don ki tabbata a tabarmar ta zaunar da ke ba. Yaron da aka goya, wata rana sai an sauke shi ya taka ƙasa.

Ki fara da Malama. Ki faɗa mata abin da kika faɗa mini, ki roƙe ta ta raka ki wajen malamin ajinku, a bar ki ki riƙa ɗaga hannu da kanki kafin a fara kiranki. Ki tambaya ko za ki ci gaba da leƙa cibiyar da yamma. Kafin nan, ke da Doguwa ku juyo kaɗan-kaɗan: yau kafaɗa da kafaɗa, gobe ido da ido.

Baba kuwa, teburin nan shi ne maganarsa. Kada ki amsa masa da shiru. Ki ɗauki littafinki ki same shi a shagonsa, ki ce ya ara miki bayansa. Ki jingina, ki karanta masa shafi ɗaya, sannan ki gaya masa tsoronki. Mutumin da ya tuna da gurbin biro ba zai yi miki dariya ba.

Allah ya buɗe miki harshe, ya sa ki tsufar da teburin nan da karatu.