Jar Lamba a Tashar Baku

Baku, Laraba

Yaya Kubat,

Gaisuwa mai yawa. Ya Baba, ya Ainura da yara?

Mota ta zo hannu! Baƙar M5, silinda takwas. A babban titin Jamus na taka ta har allura ta taɓa ɗari biyu da hamsin, sitiyari ko motsi bai yi ba. Subarun nan taka ko ƙurarta ba za ta gani ba.

Sai dai na maƙale a tasha. Iska ta hana jirgin ruwa tashi zuwa Aktau. Lambar wucin gadi da Jamusawa suka ba ni, mai jan layi a gefe, ranar Lahadi wa'adinta zai ƙare, har da inshora. In ta mutu kafin in tsallake, ba iyakar da za ta buɗe mini. Don Allah ka tambayi abokanmu na gareji ko da dabara.

Ƙaninka,
Mirlan

Bishkek, Alhamis

Mirlan,

Muna amsawa. Subaru dai tana ƙofar gida da lambarta ta halal, kai kuma jirgin yaƙinka yana shan iskar teku.

Na tambaya. Ba a sabunta ta sai ka koma Jamus da motar. Abokinmu Ulan na gareji ya ce ka kankare kwanan watan da ke jikin lambar ka sake rubutawa. Kada ka kuskura, ɗauri ne.

Yanzu bar zancen mota. Baba ya faɗi a gareji tun kana Turkiyya. Zuciya ce. Ya hana mu gaya maka, wai kada ka yi gudu. Jiya likita ya ja ni gefe ya ce in kira duk wanda ke nesa. Ka taho.

Yayanka,
Kubat

Baku, Juma'a

Yaya,

Sallama. Ta yaya za ku ɓoye mini wannan? Ni ina can ina yi wa inji kirari!

Na ruga filin jirgin sama, aka dawo da ni. An rubuta motar a fasfona, ba ni fita sai da ita. Na roƙi jami'in kwastan har na yi kuka a gaban direbobin tirela. Ya ce, "Ɗan'uwa, hanya ɗaya ce. Ka sa hannu ka bar wa hukuma ita, har abada."

Yaya, shekarun da na yi ina ɗaukar kaya a Hamburg duk suna cikin motar nan. Matuƙan jirgin ruwa sun ce wataƙila iska ta kwanta gobe. Tun da na iso suke faɗin haka. Ban ci komai ba, ban san abin yi ba. Baba zai jira ni? Ka gaya mini gaskiya.

Mirlan

Bishkek, Juma'a

Ƙanena,

Gaisuwa. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, kuma ba zan zaɓa maka ba.

Kubat

Baku, Asabar

Yaya,

Na sa hannu. Na wanke ta tas kafin in miƙa makulli. Ina fitowa daga ofishin iska ta kwanta, aka fara lodin jirgin ruwa. Ban waiwaya ba. Zan sauka gobe da hantsi. Ka gaida kowa.

Mirlan

Bishkek, Asabar

Mirlan,

Allah ya kawo ka lafiya. Daga filin jirgi asibiti za mu wuce, kada ka ce sai ka canza kaya. Na gaya wa Baba kana hanya. Ya buɗe ido, ya ce a kira mai aski, wai kada ka same shi buzu-buzu.

Yayanka,
Kubat