Abin da ya tsayar da mu a Nkawkaw

Nima, Accra
14 ga Maris, 1996

Zuwa ga ƙanena Zuberu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Saratu da yara, ya kuma sauƙaƙa muku sanyin Hamburg. Mu nan muna lafiya gwargwado. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, yana iya zuwa masallaci da sandarsa.

Na san labarin rasuwar Goggo Memunatu ya riske ka ta waya. Abin da ba a gaya maka ba shi ne dalilin da ya sa Baba bai ga ƙanwarsa da rai ba, bai kuma samu jana'izarta ba. Na fi son ka ji daga gare ni, domin laifina ne.

Tun watan azumi motar da ka aiko ta fara ciwo. Idan na taka totur sai ta yi nauyi, ga wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai yana fitowa daga salansa, ga wata ƙara a ƙarƙashi kamar tsakuwa cikin gwangwani. Na canja fulogi, na wanke matatar iska, na rubuta ranar kowane aiki. Da abin ya ƙi, na kai ta wurin Alidu, makaniken nan na Kotobabi. Ya kwanta ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa wata tukunya da ke jikin bututun hayaƙi, ya ce katalis ce ta toshe. Ya ce cikinta kamar saƙar zuma yake, kuma man da muke sha a nan akwai dalma a ciki, ita ke liƙe ramukan har injin ya kasa numfashi. Ya ce duk motar da ta sauka daga Turai haka suke yi mata, su fasa saƙar su zubar, kafin azahar an gama.

Na ƙi. Ka san halina da ɗan littafin da ka haɗo da motar. Na karanta shi da ƙamus, na ja layi ƙarƙashin inda aka ce kada a cire wannan tukunya ko a taɓa cikinta. Alidu ya yi dariya, ya ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa shan mai a Maamobi ba. Na ji haushi, na ɗauki motata na tafi. A shafin da ke biye an rubuta cewa kada a zuba mata mai mai dalma. Na karanta wannan ma, na tambaya a gidan mai aka ce mini mai duk ɗaya ne, sai na bar maganar. Wato na riƙe rabin umarnin, na saki rabin da ya fi muhimmanci.

Ranar Talata da safe aka bugo daga Kumasi cewa jikin Goggo ya tsananta, sunan Baba kawai take kira. Baba ya ce mu hau bas. Ni ne na ce masa motar gida ta fi sauri, kuma ƙafarsa ba za ta jure matsin bas ba. Muna gab da Nkawkaw, a wani hawa, motar ta fara ja da ƙyar, daga baya ta tsaya. Na leƙa ƙarƙashi na ga tukunyar ta yi jawur. Baba ya zauna kan dutse a bakin hanya da carbinsa. Motocin da suka wuce duk a cike suke. Sai bayan azahar na samo wani mai walda. Ya kwance bututun a gaban tukunyar, injin ya tashi nan take. Ya yanke ta, ya haɗa miƙaƙƙen bututu a gurbinta. Da ya girgiza ta, gutsattsarin saƙar suka zubo a ƙasa, baƙi ƙirin. Aikin bai kai awa ɗaya ba.

Mun isa unguwar Aboabo a Kumasi ana kiran magariba. An binne ta bayan la'asar. Matan gidan suka ce har kusan azahar tana tambaya ko yayanta ya iso. Washegari aka raka Baba makabarta, ya daɗe a durƙushe, ni kuwa na kasa matsawa kusa.

Bai yi mini faɗa ba, Zuberu, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. A hanyar dawowa ya zauna a baya. Maganarsa ɗaya ce tun daga Kumasi har Nima: ya ce motar tana gudu sosai yanzu. Ina gaishe shi safe da yamma, yana amsawa, amma ba ya ɗago kai. Jiya ya aiko matata Abibatu ta gaya mini zai koma Kumasi addu'ar arba'in, kuma a bas zai tafi. Na je tasha na kama masa kujerar gaba saboda ƙafarsa.

Roƙona gare ka, idan za ka aiko masa kaset na ta'aziyya, kada ka ambaci motar, kada kuma ka roƙa mini gafararsa. Ka yi masa hirar Goggo kawai. Yana son ji, ni kuma ba zan iya ba.

Abibatu tana gaishe ku. Ka gai da Saratu da yara da kyau. Allah ya jiƙan Goggo, ya haskaka kabarinta.

Yayanka,
Jalilu Osumanu