Ƙafar da Ta Saba da Ƙanƙara

Litinin, 2 Disamba 2024

Motar ƙanƙara ta iso Maga daga Maroua bayan asuba. Ni na fasa, ni na jera a bayan kamiyon, babbar motar kifin Hajiya Ache: ƙanƙara, karfasa, ƙanƙara, tarwaɗa, har sama. Awa huɗu ina tsaye cikin ruwan da ke narkewa. Bot ɗina na hagu, takalmin robar aiki, ya tsage tun bara. Sanyin bana kuwa, ko masuntan da ke fitowa daga tafki haƙoransu kaɗawa suke. Na gaji.

Alhamis, 5 Disamba

Oumar, abokin aikina, ba ya rabin awa a cikin mota sai ya diro yana tsalle, wai yatsunsa za su zube. Ƙato da 'ya'ya huɗu! Na ce masa shekara goma sha ɗaya nake wannan aiki, ƙafata ta saba, yanzu ko sanyin ba na ji. Léandre direba ya ce, "Baba Dawuda, kai kam a cikin firiji aka haife ka." Aka yi dariya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Tun da kwalekwalena ya ruɓe na bar kamun kifi, ban da wannan ba ni da abin da ake yabona da shi a bakin ruwa.

Lahadi, 8 Disamba

Matata Achta ta sayo min safa biyu a gwanjo, ta ce in ɗaura leda a kai kafin in sa bot. Na yi don a zauna lafiya. Gumi ya taru cikin ledar, da na cire ƙafar ta yi fari fat, ta yamutse kamar ta wanda ya wuni yana wanki. Léandre kuma nasa maganin daban, wai in cusa ɓuntun shinkafa a bot, tun da shi ake lulluɓe ƙanƙara kada ta narke. Na ce to ni ƙanƙara ne? Kowa ya zama likita.

Juma'a, 13 Disamba

Na fito masallaci na taka har gida da takalmi ɗaya. Achta ce ta gani. Ta ce, "Malam, ina ɗayan?" Na duba ƙasa, ashe ban ji fitarsa ba.

Talata, 17 Disamba

Mun gama lodi da hantsi, muka zauna wurin mai shayi. Na cire bot, na miƙe ƙafa kusa da kaskon gawayi kamar kullum, muna musun ko ruwan tafki ya ja baya fiye da bara. Can Oumar ya ce, "Wai wa ke babbaka ne?" Muka yi ta waige-waige. Sai ya yi salati ya fizge ƙafata.

Diddige da yatsu biyu. Fatar ta saɓule.

Ƙunar ba ita ta tsorata ni ba. Ina kallonta da idona, ina jin ƙaurinta, amma ƙafar shiru, kamar ta wani. Léandre bai yi zolaya ba yau, ya ɗora ni a babur sai asibiti.

Laraba, 18 Disamba

Nas ɗin asibitin, Sidonie, jiya ta wanke ta ɗaure, yau ta ce in rufe ido za ta taɓa tafin ƙafar da tsinke, in na ji in faɗa. Na rufe. Na jira kaɗan, na ce, "Na ji." Ta ce, "Papa, ban taɓa ka ba tukuna." Kunya kamar in nutse. A gaban Achta.

Da ta taɓa da gaske, wuri takwas, biyu kawai na ji. Na ce mata sabo ne. Ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Wannan ba sabo ba. Jijiya ne yana mutuwa." Ba wuta, ba ruwan zafi, ba ƙanƙara. In je Maroua a duba min suga. In ciwon ya yi baƙi, Garoua za a tura ni, kuma can yankewa suke.

A hanya Achta ta ce, "Sabo turken wawa." A hankali ta faɗa, amma na ji. Kunnena dai bai mutu ba.

Asabar, 21 Disamba

Kwance. Ƙuda da rediyo. Kullum da safe Achta na kwance ƙyallen, ni kuma ina kallon fuskarta, don ba na iya kallon yatsun.

Asabar, 28 Disamba

An duba, sugan na nan, an ba ni ƙwayoyi. Yau na lallaɓa bakin ruwa da sanda. Na tarar Oumar ya ɗora tarwaɗa a kan karfasa ba ƙanƙara a tsakani, ga manyan gutsattsari ya watsa kamar mai jifan kare. Kafin Garoua rabin kifin nan ya lalace. Na yi masa tas. Har na kama ƙarfen motar zan hau, Hajiya Ache ta ce, "Malam Dawuda, in ka hau motata ban yafe ba." Ta sa aka kawo benci, wai in zauna in riƙa faɗa masa yadda zai jera. Aikin baki! Ni da na ja komar kamun kifi tun ba a haifi Oumar ba. Na zauna dai, don ƙafar ba ta kai ni gida a lokacin.

Alhamis, 9 Janairu 2025

Benci. Oumar ya fara fasa ƙanƙarar ƙanana. Ban faɗa masa ya yi daidai ba, kada kansa ya kumbura. Sidonie ta ce diddige na haɗewa, ƙaramin yatsan ne ba ta yarda da launinsa ba. Mako biyu za ta ba shi. Na gaji da jira fiye da yadda na taɓa gajiya da aiki.

Litinin, 20 Janairu

Da safe Achta ta zo wanke ciwon. Ta gwada ruwan da gwiwar hannu kamar yadda aka koya mata, ta zuba. Wani raɗaɗi ya tashi daga ƙaramin yatsan nan har ƙwaƙwalwata. Na daka mata tsawa, na ce kashe ni za ki yi? Ta tsaya da buta a hannu. Ta ce, "Malam, me ka ce?" Sai ta sake zubawa, da gangan, muguwa. Na sake ihu. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, ban sani ba ko dariya take ko kuka.

Ba wani abu ba ne. Yatsa ɗaya ne, tafin har yanzu rabinsa shiru, kuma Sidonie ba ta gani ba tukuna. Léandre ya tambaya yaushe zan koma cikin mota, na ce ai bencin ma dole wani ya zauna a kai.

Har yanzu zugi yake. Ga maganin kashe zafi nan a kan taga. Gobe na sha.