Motar da ke Tsakar Gidanmu

Hindawiyya, Jidda
7 ga Rajab, 1388

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Inna da yara da duk mutanenmu na Wad Madani. Yaya ƙafar Inna? Mu nan sai godiya, sai gumin Jidda da kika sani.

Labarin shi ne maigidana Malam Abdulghaffar ya bar aiki a Balad, tsohon garin Jidda. Shekara ashirin da biyu yana gyaran tagogin katako na manyan gidajen nan, ran nan sai ya dawo da akwatin kayan aikinsa a ka, ya ce halas, ya gama, sun saɓa da mai warsha, wato shagon kafintocin da yake aiki. Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Bayan mako guda sai ga mutum shida suna turo wata tsohuwar mota. Wani attajiri da ya taɓa yi wa aiki ne ya ba shi, don ta tare masa wuri. Sai da aka fasa katangarmu kafin ta shigo. Yaya, motar nan ta girmi aurenmu. Ashe motoci irin na da, katako ne a ƙarƙashin ƙarfensu, kamar haƙarƙari. Da ya ɓare ƙarfen sai ga gara ta gama da katakon, ko'ina ka taɓa sai gari. Ya ce zai sake shi duka da katakon tsofaffin tagogi, maƙwabcinmu Saleh makanike ya tayar da injin, shi kuma Malam ya riƙa ɗaukar mutane zuwa Makka. Yanzu a gindin taya nake girki. Kullum kuma sai ya kira ni in karanta masa lambar awo, wai ƙura ce ta shiga idonsa.

Ki gaishe da Inna ƙwarai.

Ƙanwarki,
Mastura

26 ga Sha'aban

Yaya Saudatu,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Wasiƙarki ta iso, na ji daɗin samun sauƙinta. Allah ya ƙara afuwa. Wannan kada ki karanta mata.

Ba saɓani aka yi a warsha ba. Matar Saleh ce ta gaya mini, don mijinta ne ya raka Malam wurin likita. Sau uku yana lalata taga ɗaya, mai warsha ya sallame shi. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, ba magani, da wuya ya ƙara shekara yana gani. Ya san haka tun kafin ya kawo motar. Yana gina abin da ba zai taɓa tuƙawa ba, ni kuma ina miƙa masa ƙusa ina cewa Allah ya ba da sa'a.

Ban nuna masa na sani ba. Na kasa. In kika gan shi yana shafa katako yana 'yar waƙarsa, ke ma ba za ki iya ba.

Amma akwai abin da nake yi da ban gaya wa kowa ba. Yankansa ya fara karkacewa. Ginshiƙan ƙofar baya guda biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya da kusan yatsa. Ranar Juma'a da ya tafi masallaci na ɗauki zartonsa, na sake yanka wani, na fere bakin yadda na ga yana yi, na mayar. Hannuna duk ya yi kanta. Ya dawo ya buga shi ya shige daram, har ya yi dariya ya ce hannun tsoho bai mutu ba. Na shiga ɗaki na yi kukana. Tun daga nan na sake guda biyar.

Ki sa mu a addu'a, azumi ya matso.

Taki,
Mastura

12 ga Shawwal

Yayata,

Barka da sallah, da fatan kun yi ta lafiya, ke da Inna da yara. Tamu ta zo ta wuce.

Ya gane. Kwana biyu kafin sallah yana bin katakon rufin da yatsunsa, sai ya tsaya a wata mahaɗa. Ya daɗe a wurin. Sannan ya bi motar kaf, yana taɓa kowace mahaɗa, ya ware nawa guda tara bai kuskure ko ɗaya ba. Na zaci zai yi faɗa, wallahi da na fi so. Cewa kawai ya yi aikin ya yi kyau, ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na gaya masa. Ya wanke hannunsa, ya jera kayan aikin a akwati, ya rufe, ya shiga ɗaki.

Tun ranar bai fito tsakar gida ba sai don alwala, yana bin bango. Ko idi bai je ba. Abinci sai ya ci loma biyu ya ture. Saleh ya zo har sau uku, ya ce a ce masa yana barci. Ni na ɗauka rufa masa asiri nake yi, Yaya. Ashe ɗan abin da ya rage masa na ƙwace.

Motar tana nan, ƙofa uku, rufi ba a gama ba, raɓar teku ta fara sa wa ƙarfen tsatsa. Shekaranjiya na gaji da kallonta, na buɗe akwatin, na hau kankare katakon ƙofa ta huɗu. Ina cikin yi sai na ji muryarsa daga ɗaki, ya ce in juya katakon, ta baya nake binsa, zai tsage. Ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini tun kafin sallah. Na juya. Na yi ta jira ko zai ƙara, bai ƙara ba.

Yanzu kina iya gaya wa Inna. Ki gaya mata a hankali.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mastura